Manaja da Makarantar Bayan Tasha

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da majinyatanki. Mu nan lafiya lau, sai bayana da yake tuna min kullum cewa keken ɗinki ba kujerar hutu ba ce. Ɗanki kuwa ƙalau yake, yana ci yana sha, yana mulkinsa. Har yanzu Manaja muke ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Ya zauna a bakin shago ya nuna kofi da yatsa, a kawo. Ya nuna fanka, a kunna. Maganarsa tana nan inda kika bar ta: "ruwa", "a'a", "Inna", sai "tafi" idan mai kawo ɗinki ta dame shi da wasa. Shekara huɗu ke nan, Auta, kuma na san abin yana ranki kamar yadda yake raina.

Ga dalilin wannan takarda, wadda zan ba direban motar magani tunda waya ba ta shiga wannan asibitin ƙauyen naku. An buɗe ɗaukar 'yan rabin aji a makarantun gwamnati, kuma uku ne a kusa da mu. Na rufe shago na taka na duba kowacce, domin gani ya kori ji.

Ta farko ita ce ta cikin firamaren gindin tanki. Yara sun cika ɗaki har ƙofa, malama ɗaya, tana faɗa suna amsawa gaba ɗaya. Manaja zai shekara a can yana motsa baki kawai, ba wanda zai gane. Ta biyu tana rukunin gidajen ma'aikata. Tsaf-tsaf, furanni a bakin taga, yara duk 'yan gida iri ɗaya, yare ɗaya, takalmi ma kusan iri ɗaya. Shiru kamar ɗakin gwajin ido. Sun ce ajinsu ya cika, sai dai in wani ya fita.

Ta ukun tana bayan tashar mota, a tsohon ɗakin ajiyar kaya da aka yi wa fenti. Nan kam ba irin ɗan da babu. 'Ya'yan direbobi, 'ya'yan masu gyaran waya, ɗan wani akawu, 'ya'yan baƙin da suka zo aikin gini, masu sallah da masu zuwa coci. Na tsaya a taga na ji yare ya kai biyar kafin a buga ƙararrawa. Akwai yaro a keken guragu, shi ne ma mai raba alli. Hayaniya kam akwai ta, ba zan ɓoye miki ba. Amma malamar ta durƙusa ta gai da Manaja, da ya nuna mata ƙwallo ba ta miƙo masa ba, ta ce ya je ya ɗauko da kansa. Ya dube ta kamar an zagi kakansa, sannan ya je.

Ni dai ta bayan tasha ta kwanta min. Amma ɗanki ne, ki aiko da amsa kafin su rufe a ƙarshen wata.

Ki huta lafiya. Yayarki.

*

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Allah ya sa ke ma haka. Direban motar magani ya ce ruwa ya cinye gadarku, takardata tana cikin motarsa tana yawo da shi. To ni ba zan zauna a rufe ƙofa a idona ba. Na kai Manaja makarantar bayan tasha, kuma ban yi da-na-sani ba.

Ranar farko ya riƙe zanina ya yi ƙememe, sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu shi yake tashina. Na ɗinka masa 'yar jaka da ragowar yadi, yana rataya ta kamar mai zuwa ofis.

Suna da wani tsari da ya ba ni dariya. Kowane yaro ana haɗa shi da abokin zama, su ci tare, su wanke hannu tare, kuma malamar ba ta taɓa haɗa yaro da ɗan yarensu ko ɗan layinsu. Ta ce in ta yi haka, aji zai zama unguwanni a cikin ɗaki ɗaya. Ki tsammaci wa aka ba Manaja? 'Yar mai facin bakin tasha. Yarinyar kurma ce, da hannu take magana. Akwai malamin kurame da yake zagayo makarantun, shi yake koya musu. Na ce lallai an haɗa ƙwarya da faifai, shi ba ya faɗa, ita ba ta ji.

Ai kuwa sun zama tif da taya, kin ga gadon ubanta bai faɗi ƙasa ba. Yanzu a gida ma da hannu yake min magana. Ya murɗa yatsu a baki, wai abinci. Ya shafa ƙirji, wai ya gode. Ko "ruwa" ɗin nan da yake faɗa ya bari, ya samo masa alama. Jiya na yi ta dariya har na karya allura. Da kin gan shi da kin yi mamakin saurin kansa.

Sai na ji daga gare ki. Yayarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri. Ina lafiya, aiki ne dai ya yi yawa, mu biyu ne a ɗakin haihuwa. Ki riƙa sa matashi a bayanki in za ki hau keke.

Takardunki biyu sun iso tare, bayan an gyara gada. Na karanta ta farko ina murmushi, na karanta ta biyu jikina ya yi sanyi. Yaya, dariya kika yi? Na bar miki yaro da kalma huɗu, yanzu kina ba ni labarin ya koma uku, kuma har da karya allura don daɗi?

Ni aikina ya nuna min yara irin wannan. Yaron da bakinsa ya yi nauyi yana bukatar ya ji magana ɗaya a natse, a maimaita masa ita, har ta zauna. Ke kuma kin ɗauke shi kin jefa shi inda ake yare biyar lokaci guda, sannan aka zaunar da shi kusa da wadda ba zai taɓa jin muryarta ba. Ba ni da komai da yarinyar, Allah ya raya ta. Amma ɗana yana ji, harshensa lafiya lau yake, an duba. In ya samu hanya mai sauƙi ta hannu, me zai kai shi wahalar baki?

Tun rasuwar babansa ban da wani buri sai in ji yaron nan ya haɗa magana. Na san gada ce ta hana ki jin ta bakina, ban ce kin yi da gangan ba. Amma yanzu kin ji. Ki koma makarantar rukunin ma'aikata ki roƙe su, ki yi ta komawa har su gaji da ganinki. Da zarar gurbi ya samu, ki cire shi daga bayan tasha. Wannan ba shawara ba ce, Yaya, ki yi haƙuri da ni.

Ki shafa min kansa. Ƙanwarki.

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Matashin da kika ce na sa, bayana ya yi sauƙi, kin ga ba kowace maganarki nake ƙi ba.

Takardarki ta sosa min rai, ba zan yi miki ƙarya ba. Na goya ki, yanzu ina goyon ɗanki, kuma har yau ban taɓa yar da ko ɗaya ba. Amma ke kika haife shi, ni riƙo nake yi, kuma mai abu da abinsa. Na yi abin da kika ce. Na yi ta sintiri a rukunin ma'aikata har mai gadi ya fara tambayata ko aiki nake nema. Sai aka yi wa wani canjin wurin aiki ya kwashe iyalinsa, aka ba Manaja kujerar ɗansa.

Ranar da na je ɗauke shi daga bayan tasha, malamar ba ta yi min musu ba. Ta ce uwa ta fi kowa iko, amma za ta bar masa wurinsa har ƙarshen zango, in ya wuce nan akwai masu jira. 'Yar mai faci ta biyo mu har bakin ƙofa tana ta yi masa alamu. Shi ko waiwaye bai yi ba, ya sunkuyar da kai ya riƙe jakarsa.

Sabuwar makaranta ba ta da laifi. Akwai tsafta, akwai littattafan hotuna, malamar mai fara'a ce. Duk ranar da na je ɗaukarsa sai ta yabe shi. Ta ce a ajinta ba yaro mai natsuwa kamarsa, inda ta ajiye shi nan take samunsa, ba ta taɓa jin motsinsa ba. A gida ma ya daina maganar hannun, ki kwantar da hankalinki. Ya koma nuni da yatsa.

Wassalam. Yayarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwar girmamawa. Ina lafiya. Wannan gajeriya ce, direba yana jira, ya bar mota a kunne.

Alhamdu lillahi! Takardarki ta wanke min zuciya. Kin ji ko? Natsuwa ita ce matakin farko. Yaro sai ya zauna ya saurara kafin ya faɗa, yanzu kalmomin suna taruwa ne a kansa. Kuma ga shi ya bar maganar hannu da kansa, ba wanda ya tsawata masa. Ki ba shi zango ɗaya ki gani.

Ki yafe min zafin takardata ta baya, tsoro ne ya rubuta ta, ba ni ba. Ki gai da malamar, ki ce mata na gode.

Ƙanwarki.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu lau. Na yafe miki tun kafin ki roƙa. Amma Auta, ni ban aiko miki da albishir ba a waccan takardar, ke kika karanta albishir a ciki. Yaron da ba a jin motsinsa ba taruwar kalmomi yake yi ba, shiru kawai yake yi, kuma an samu masu yaba masa shirun. Na bar maganar ne don kada ki ce ina neman cin gardama. Yanzu ga abin da ya faru, ki karanta a tsanake.

Shekaranjiya ina yankan riga sai ga mai faci a ƙofar shago, hannunsa duk baƙin taya, ya ƙi shigowa wai kada ya ɓata min yadi. Baƙo ne a garin, Hausarsa guntu-guntu ce, amma na fahimce shi sarai. Ya ce, "Hajiya, ina yaro? Yarinya ba ta ci a makaranta. Ba mai faɗa mata." Na ce faɗa mata me? Ya ce, "Ba faɗa mata ba. Faɗa wa malama. Ita ta yi hannu, yaro ya faɗa." Na ce malam, ka yi kuskuren gida, yaronmu ba ya magana. Ya dube ni kamar ni ce baƙuwar. Ya ce, "Yana magana. Da yawa."

Almakashi na ajiye na tafi bayan tasha ko mayafi ban gyara ba. Malamar ta ce ai ta ɗauka na sani. Wannan haɗin da suke yi ba zaman tare kawai ba ne. Ƙa'idar ajin ita ce, abin da abokin zamanka ya kasa faɗa, kai za ka faɗa masa. Ɗan baƙi da bai iya yaren gari ba, abokinsa ne bakinsa. Malamin kurame kuwa ba kullum yake zuwa ba, ita malamar kuma alamun da ta sani ba su da yawa. To duk ranar da ba ya nan, in yarinyar tana son fita ko an ƙwace mata fensir, Manaja take ja wa riga. Da farko nuni yake yi, malamar ta ce masa ita ba ta jin yatsa. Wata rana yarinyar ta matsu, tana ta dira ƙafa. Sai ya buɗe baki ya ce, "Fitsari." Daga nan abin ya tafi. Kafin in cire shi, wai har ƙara yake kai mata: "Malama, wannan ya ture ta."

Auta, na zauna a kan ɗan bencin yaran nan na yi kuka, ni da girmana. Kalmar farko da ɗanki ya ƙara a duniya "fitsari" ce, kuma ba ma nasa ba.

Da na dawo na yi ta lallashinsa ya faɗa min wani abu, ya nuna min kofi. Ban san dalilin da ya sa yake yi a can ba ya yi a nan ba, wannan sai ke.

Na san abin da ya dace, kuma ban da shakka ko kaɗan. Amma wancan karon na yanke ban ji ta bakinki ba, wannan karon ba zan motsa shi ba sai kin ce. Zango ya kusa ƙarewa, akwai masu jiran kujerarsa, ga sama kullum a haɗe. Na roƙi direba ko gada ta sake tafiya ya ba mai babur ya ƙetare da wannan. Ki amsa.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya. Mai babur ya kawo takardarki a jiƙe, na shanya ta a kan tebur na karanta ta a tsaye. Shi zai komo miki da wannan.

Ki mayar da shi. Gobe in da hali. Ki ba malamar rukunin ma'aikata haƙuri, ba ta yi mana laifin komai ba. Ki je wurin mai faci ki ce uwar yaro tana gaishe shi, tana gai da 'yarsa.

Kin tambaye ni dalilin da ya sa yake magana a can ba ya yi a gida. Wannan na sani, kuma da na tsaya na yi tunani maimakon tsoro da na gano tun tuni. Yaro yana magana ne in magana tana da amfani. A gida me zai yi da ita? Kafin yatsansa ya miƙe kin kawo kofi, ni ma haka nake masa kafin in taho. Mun iya shi fiye da kima. A makarantar ma'aikata ba wanda ya bukaci komai daga gare shi. A bayan tasha kuwa an ba shi wadda in bai yi magana ba za ta wahala. Ni na duba yawan yaren da zai ji, ban duba wanda zai bukaci nasa ba.

To ga aikinki, kuma na san zai fi yi miki wuya fiye da sintirin rukunin ma'aikata. In ya nuna, ki naɗe hannu. Ki ce ba ki gane ba. Kada ki tsawata, kada ki ce "faɗi", ki jira kawai. In ya yi da hannu irin na yarinyar ki karɓa, wannan ma magana ce, amma ki maimaita masa da baki. Zai yi fushi, Manaja ne, ba a saba ƙin bin umarninsa ba. Ki daure.

Abu ɗaya nake roƙonki. Mai faci ya ji muryar ɗana tana haɗa magana, malama ta ji, yara 'yan yare biyar sun ji. Ni ban taɓa ji ba. Hutuna sai bayan damina. Ranar da kika mayar da shi ki tsaya a taga, duk abin da ya faɗa ki rubuto min shi yadda ya faɗe shi. Kada ki gyara masa ko kalma ɗaya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gida lafiya, shago lafiya. Takardarki ta iso ana saura kaɗan a rufe zango. Washegari na kai shi, kujerarsa tana nan ba a ba kowa ba.

Da muka shiga yarinyar ta juya masa baya, fushi take yi. Shi ma ya zauna ya haɗe rai. Na fita na tsaya a taga kamar yadda kika ce, rana tana dukana, masu lodin mota suna kallona. Har na fara cewa yau ba rabo. Sai aka zo rabon kofuna. Aka ba yarinyar jan kofi, ta ture shi, ta ja wa Manaja riga ta yi ta zuba alamu da sauri.

Ga shi yadda ya fita, ban gyara ba. Muryarsa 'yar siririya ce, tana ɗan shaƙewa.

"Malama. Ba ja ba. Shuɗi ta so."

Malamar ta canza kofi. Yarinyar ta sake yin wata alama, wannan karon a fuskarsa. Malamar ta ce, "Me ta ce kuma?" Ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "Ta ce ni na daɗe."

Naɗe hannu kuwa kin yi gaskiya, azaba ce. Ranar farko ya nuna fanka na ce ban gane ba, muka zauna muna gumi ni da shi kamar masu gaba. Ya yi kuka, na shiga bayan labule na yi nawa. Amma jiya ya ce "Inna, kunna", na kunna har da wadda ba ta aiki.

Yanzun nan ina rubutu ya zo ya jingina da keke yana kallon biro. Na ce takardar Ummanka ce, me zan gaya mata? Ya nuna hotonki na jikin bango. Na ajiye biro na naɗe hannu. Ya dube ni, ya dubi hoton, ya sake dubana. Na yi kamar ban san shi ba. Mun daɗe a haka.

Ya ce, "Umma ta zo."

Na rubuta miki yadda ya faɗa. Kiranki yake yi, sauran ya rage naki.

Yayarki.